Yadda Na Je Ɗauko Mai Injin Unguwar Marke

Tun da na dawo kun hana ni sakat. Wadda ta kawo ɗinki sai ta ajiye yadi ta ce in ba ta labarin Rogo, wadda muka haɗu a islamiyya ta ce wai ta ji rafi ya tafi da ni. Bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta ta bar ni in taka kekena. Rafi bai tafi da ni ba, da takalmina ya tafi, kuma za mu zo wurin.

Ku da kuka san ni a nan Karaye ba ku san sunan da ake kiran mahaifiyata da shi a ƙauyenmu ba. Ƙauyen Unguwar Marke ne, can wajen Kurugu. Sunanta Hajara, amma tun ina yarinya Hajara Kifau ake ce mata a bayan ido, wani lokaci ma a gaban ido. Dalili shi ne injin niƙa. Ƙauyenmu ya taɓa yin inji tun kafin maƙwabta su yi, wani baƙo mai suna Ɗanjuma ya kawo shi ya kafa a gindin marken da ke bakin gari. A lokacin mahaifinmu ya rasu, Inna tana toya waina tana ciyar da mu, don haka ita da kanta take zuwa wurin inji da sassafe. Mutane suka lura cewa akwai ranakun da ko layin kwanuka ya kai ina, Ɗanjuma sai ya tsallake kowa ya fara da nata. Aka fara tsegumi.

Sai ranar da matar mai unguwa, Yaya Abu, ta haihu. Aka aiko da geron kunun kanwa, ƙanin mai unguwa ya tsaya a kai ya ce nasu za a fara niƙawa. Inna ta iso an gama, gari na cikin ƙwarya. Ta ɗauki ƙwaryar ta kife a cikin taɓo a gaban kowa. Aka kira ta gaban mai unguwa, ta ƙi cewa komai. Bayan kaka Ɗanjuma ya kwance injinsa ya bar garin, mata suka koma dutsen niƙa da tafiya Kurugu da kwano a ka. Kowace ta dawo da ciwon wuya, Inna take tsinewa. Wainarta ma aka daina saye, sai da ta koma kai wa ƙauyukan gefe.

Shekara arba'in da 'yan kai ke nan. Bana ƙungiyar matan ƙauyen ta haɗa hannu ta sayo sabon inji, na je gaida Inna na tarar ana taron sa ranar buɗewa. Wata ta ce a dai ɗaure Hajara a ɗaki ranar, aka kwashe da dariya. Ni ba ni da haƙurin Inna, kun sani. Na shiga ɗakinta raina a ɓace, na ce yau sai ta faɗa min abin da ya sa ta kife garin nan. Tsohuwa ce yanzu, da sanda take zuwa bayan gida. Ta dube ni ta ce, "Amana ce, Rabi. Mai ita bai sake ni ba."

Na ce to, ni zan je in nemo mai ita ya sake ta. Ta ce wa ya aike ni. Na ce babu, amma ba zan zauna a kai ta kushewa da wannan suna ba. Na dawo na nemi izinin maigida, ya ce in je amma ba ni kaɗai ba. Sai na ɗauki Sale, ɗan kawuna, mai babur. Taubashina ne, tun muna yara baiwarsa yake ce min, kuma ya yi alkawarin zai sayar da ni a kasuwar Rogo in ya samu mai saye.

Raina ya ba ni Ɗanjuma ne mai amanar, don haka muka fara da tsohon wurin injin. Marken yana nan, ɗakin langa-langar babu shi, sai dakalin siminti da ƙusoshi masu tsatsa a tsaye, awaki na kwance a kai. Wani dattijo mai sayar da goro ya ce ya tuna Ɗanjuma yakan ɗaure farantan inji a bayan keke ya kai Yola a koɗa masa. Ga waɗanda ba su taɓa leƙa cikin inji ba, farantai biyu ne na ƙarfe masu haƙora, su ke murje hatsin. In haƙoran suka cinye sai a kai wa makoɗi ya fito da su. Yolar kuma ta nan ƙasar Karaye ce, kada wata ta ce na je Adamawa.

A Yola muka samu rumfar makoɗin, ɗan wanda Ɗanjuma yake kai wa ne ya gaji sana'ar. Gaisuwa ta ɗauke mu lokaci, ya tambayi gida da iyali da gajiya da mutanen Karaye har da waɗanda ban sani ba, ni kuwa ƙafata na ƙaiƙayi. Ya ba ni benci na zauna, na tashi zanina duk baƙin garin ƙarfe, Sale ya ce yanzu kuɗina ya ragu. Makoɗin ya ce yana yaro ya san Ɗanjuma, mutum ne mai tsoron rigima kamar kaza da shaho. Ya ji an ce ya koma ƙasar Rogo, kuma injin ya ƙare a hannun masu mazarƙwaila wajen Sabon Gari. Ko mutumin yana raye, bai sani ba. Na ce ko kabarinsa ne sai na gani.

Daga nan hanya ta lalace. Sale ya ce ya san wata yanke, kuma duk wadda ta taɓa hawa bayan ɗan babur ta san abin da wannan magana take jawowa. Muka bi ta cikin gonakin dawa da aka girbe, karan na dukan ƙafafuna, har muka iso wani rafi. Wasu masu shanu a bakin ruwan suka ce mana da mun haye mun shiga ƙasar Rogo. Babu allo, babu shinge, iyakar ke nan, ruwa iya gwiwa da shanu a ciki. Sale ya tura babur, ni na tattare zani na bi shi. A tsakiya yashi ya riƙe ƙafata, na fizge, takalmin dama ya zame ruwa ya yi gaba da shi. Ina kallo ya wuce ta ƙarƙashin cikin wata saniya. Na shiga ƙasar Rogo da takalmi ɗaya, Sale na dariya har da riƙe ciki.

Dariyarsa ba ta daɗe ba, don ba mu yi nisa ba ƙaya ta huda tayar baya. Ga la'asar ta yi sanyi, ga babu mai faci sai an kai titi. Ɗaya daga cikin masu shanun nan ya ce mu bi shi gida mu kwana. Aka kai Sale wurin maza, ni kuma aka damƙa ni hannun uwargidan rugar, wata doguwar dattijuwa mai suna Dije. Tana yi min Hausa tsaf, ta juya ta yi wa surukanta Fillanci, ban san ko takalmina suke yi wa dariya ba.

Nan na yi ƙauyanci. Dije ta kawo tuwon gero da miyar kuka, man shanu na yawo a kai, ta ajiye ta fita. Mu a gidanmu in kin yi baƙuwa sai ki zauna ku sa hannu tare, kina cewa ta ƙara. Sai na zauna ina jiranta, tuwo na hucewa, cikina na kuka. Ita kuma tana waje tana jira in gama ta shigo, domin a wurinsu kunya ce a tsaya kan baƙo yana ci, kunya ce kuma ita ta ci a gabana. Sai da ta leƙo ta ga ban taɓa ba, ta tambaya ko miyar ce ba ta yi min ba. Da muka gane juna muka yi dariya, amma duk da haka ba ta ci tare da ni ba, juya min baya ta yi tana gyaran ƙore har na suɗe kwanon. Tuwon kuwa ban taɓa cin irinsa ba. Ta ce dakan turmi ne, su ba sa kai hatsi inji sai dole, wai garin inji wani lokaci ƙarfe-ƙarfe yake yi mata a baki. Na ɗauka tsirfar Fulani ce kawai.

Da safe ta dama min fura da nonon da ko tsami bai gama yi ba, ta ba ni wani silifa na roba da ya fi ƙafata girma. Na ba ta labarin abin da ya fito da ni. Ta ce macen da ta iya riƙe magana shekara arba'in ba don kanta take riƙewa ba. Wannan maganar ta zauna min a rai har muka tura babur zuwa titi.

Rogo Sabon Gari mun iske ta cike, ranar kasuwa ce. Aka yi faci, Sale ya zagaya da ni rumfunan dabbobi yana tambayar ko akwai mai son baiwa mai takalmin aro. Mutanen can suna da wata ɗabi'a: in ka tambayi hanya ba sa kwatanta maka, sai wani ya bar abin da yake yi ya raka ka. Haka wani mai sayar da rake ya ɗora mana ƙaninsa a gaba har fadamar da ake mazarƙwaila.

Tun kafin mu iso na ji shi. Ba zan iya kwatanta muku ba, amma akwai wani tari da injin nan yake yi tsakanin bugu da bugu, kamar tsohon da ya sha taba. Ina ƙarama da wannan ƙara nake farkawa. Na sauka daga babur, ga shi nan baƙi ƙirin, an ɗaura masa bel yana juya matsar rake, ruwan na gangarawa cikin manyan tukwane. Wallahi hawaye na yi, a kan tsohon ƙarfe. Mai wurin ya ba mu mazarƙwaila da zafinta a ganye, ya ce wurin Ɗanjuma mahaifinsa ya sayi injin. Kafin nan injin ya yi niƙa a wasu ƙauyuka biyu, ya kuma yi ban ruwa a lambu. Ɗanjuma yana raye, in ji shi, yana wurin ɗansa a wani ɗan ƙauye gab da ƙasar Katsina. Sai dai mu shirya maƙogwaro, don ƙarar inji ta cinye masa kunne.

Mun same shi bayan azahar a zaure yana tufkar igiya, ɗan ƙaramin tsoho mai farin gemu. Na durƙusa na gaishe shi, yana amsa abin da ban tambaya ba. Na yi niyyar in yi maganar a asirce, tunda amana ce, amma ina. Sai da na kai bakina kunnensa na ɗaga murya na ce ni 'yar Hajara ce mai waina ta Unguwar Marke, har matan gidan suka taru a bayan zana. Igiyar ta faɗi daga hannunsa. Ya tambaya ko tana raye. Na gyaɗa kai. Na faɗa masa sunan da ake kiranta da shi, da abin da ta ce min a ɗaki.

"Ba ta faɗa ba?" in ji shi. "Har yau ba ta faɗa ba?"

Sannan ya ba mu labarin da muryarsa ta kurame, wadda ake ji har waje. Duk ranar da aka koɗo farantai aka ɗaura, niƙan farko yakan fito da garin ƙarfe a ciki. Inna ce ta gano, ta dama ƙullun waina ta ga baƙin abu ya kwanta a gindin ƙwarya. Ta zo ta nuna masa. Ya roƙe ta don Allah kada ta faɗa wa kowa, domin a lokacin mutane ba su gama yarda da inji ba, da sun ji ana cin ƙarfe da shi ke nan, kuma injin shi ne duk abin da ya mallaka. Suka yi yarjejeniya. Duk ranar sabuwar koɗa za ta kawo dusa da 'yar dawa a fara niƙawa a wanke farantan, ta kwashe ta je ta zubar. Abin da mutane suke gani suna cewa ana fifita ta ke nan. Hatsinta take asara, ita da ke ciyar da marayu.

Ranar haihuwar nan da asuba ya ɗaura sabbin farantai. Ƙanin mai unguwa ya zo ya tsaya masa a ka, shi kuma tsoro ya hana shi cewa a jira. Ya niƙa geron mai jego a faranti marar wanki. "Ni na zuba ƙarfen, ita ta kife," in ji shi. "A gaban mai unguwa tana kallona, ni ina kallon ƙasa. Ba ita ta kore ni ba, 'yata. Kunyar haɗa ido da ita ce ta kore ni." Ya ce ya ɗauka da ya bar garin za ta faɗa, tunda babu sauran abin da za a kare.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Na so in faɗa masa maganar da ba a faɗa wa tsoho. Na haɗiye, na ce saƙon saki ba zai ishe ni ba, don in ni na kai labarin cewa za a yi 'ya ce take wanke uwarta. Da bakinsa nake so Unguwar Marke ta ji. Ɗansa ya ce Baba bai yi tafiya mai nisa ba shekara da shekaru, a bari sai ya ƙara jin ƙarfi. Na ce ni ma tawa tsohuwar ba jiran ƙarfi take yi ba, kuma ba zan tashi daga zauren nan ba sai da shi. Tsohon bai ji abin da muke cewa ba, amma ya ga fuskata. Ya miƙe ya ce a ɗauko masa babbar rigarsa.

Dawowa ba ta yanke muka bi ba. Mota muka shiga daga Rogo, ni da shi da ɗansa, Sale na bin mu a babur. Muka kwana nan Karaye, washegari muka wuce ƙauye, ranar ce kuma ta buɗe inji.

An kafa sabon a gindin marken nan, kan tsohon dakalin. Kwanuka sun yi layi, mata sun cika wurin, mai unguwa Garba na zaune a kujera, shi ne jaririn da aka haifa ranar kifewar. Mahaifiyarsa Yaya Abu na gefe a tabarma. Tsofaffi suka gane Ɗanjuma, wuri ya ɗauki salati. Bai jira an ba shi izini ba, wataƙila ma an hana shi bai ji ba. Ya tsaya ya faɗi komai kamar yadda ya faɗa mana, bai rage wa kansa ko kaɗan ba. Da ya zo kan kunun mai jego, ya nuna Yaya Abu ya ce da ita za ta sha, tana shayar da wannan da ke kan kujera.

Ni kuwa Inna nake nema, ban gan ta ba. Sai ga ta can tana tahowa a hankali da sandarta, ita kaɗai, ta rungume wani abu a ƙarƙashin mayafi. Ba ta san na dawo ba, ba ta san an yi wata magana ba. Ta ratsa mutane ba ta kalli kowa ba, ta wuce duk layin kwanukan har gaban saurayin da zai riƙa tuƙa injin, ta yaye mayafi. Kwanon dusa ne da 'yar dawa. Ta san sabbin farantai ne, ta san abin da za a kira ta in ta sake shiga gaba, amma duk da haka ta zo. A nan na zauna a ƙasa.

Ɗanjuma ya matso ya durƙusa a gabanta. Ta ƙura masa ido har ta gane shi. "Hajara, na sake ki," ya ce. "Ki yafe min."

Ta ce ta yafe tun tuni, ya tashi kada gwiwarsa ta riƙe. Sannan ta waiwayo ta gan ni a ƙasa, ta ce, "Ke ba kya jin magana."

Ta miƙa kwanon za ta ba saurayin, sai Yaya Abu ta yunƙura ta tashi, jikokinta na riƙe ta. Ta ɗauki ƙwaryar geronta daga layi, ta zo ta dafa hannun Inna. Shekara arba'in ban taɓa ganin sun wuce gaisuwar hanya ba.

"Mayar da dusarki, Hajara," in ji ta. "Yau ma gidanmu ne a gaba. A wanke shi da nawa."

Aka tada inji, geron Yaya Abu ya fito da ɗigo-ɗigon baƙi, mata suka yi ta lakata suna dubawa a tafin hannu. Ita da kanta ta ɗauki ƙwaryar ta kife a gindin marken. Inna ta koma ƙarshen layi ta ajiye kwanonta, aka yi aka yi ta dawo gaba ta ƙi, ta ce yau dai a bar ta ta ji yadda jira yake.

To, kun ji abin da ya kai ni Rogo. Silifan Dije yana nan ƙarƙashin kekena, in wata za ta bi ta wajen rafin nan ta zo ta karɓa ta kai mata, ta ce mata maganarta ta fito.